Algaitar Baba a Zamalek

Algaita ce ta kai ni Alƙahira, ba karatu ba. Ina faɗin haka tun da wuri, domin duk wanda ya ji Bahaushe ya zauna a Masar sai ya gyara zama ya fara kiransa Ustaz. Ni ɗan bariki ne, a Kaduna na tashi. Mahaifina, Saje Musa, yana cikin 'yan badujalar soja, shi ke busa irin algaitar nan ta Turawa mai salka a hammata da sanduna uku a kafaɗa. Da ya rasu aka zo rabon gado, na ce ni a bar mini algaitar kawai. 'Yan'uwana suka dubi juna, ba wanda ya ja da ni.

Wani ɗan garinmu da ke Masar ya ga bidiyona ina busa a wajen biki. Ya ce Misirawa ba sa rakiyar amarya sai da irin wannan algaita, su ƙirba suke ce mata, kuma akwai mai ƙungiyar makaɗa a unguwar Faisal da ke neman mabushi ido rufe. Ranar da na sauka ya tare ni, ya kai ni har ƙofar shagon mutumin, ya ce in zauna zai je ya dawo. Har yau ina jiran dawowarsa.

Sunan mai ƙungiyar Mu'allim Ragab, ƙaton mutum mai taushin baki. Ya rungume ni, ya sumbace ni kunci biyu, ya sa aka kawo shayi. Ina cikin hura shayin ya buɗe akwatin algaitar yana shafa ta yana masha Allah. Sai ya ce gidan da zan kwana ɓarayi sun yi yawa, gara ta riƙa kwana a kabad ɗinsa na ƙarfe. Kafin in haɗa Larabcin da zan ce a'a, ya rufe ya rataya makullin a wuya. Daga ranar na daina kwana ɗaki ɗaya da algaitar ubana.

Aikin ba wuya a ido. A sa mini fararen kaya masu igiyoyin zinari a kafaɗa, in shiga gaban amarya da ango ina busa, masu ganga na biye, mata na guɗa irin tasu. Wata rana a matakalar otal a Wustul Balad, tsakiyar birni, wata rana a lungun da aka tare da kujeru. Da na sauke numfashin ƙarshe, kafin in goge baki, ɗaya daga cikin mutanen Mu'allim ya zare ta daga kafaɗata. Sau ɗaya na roƙi a ba ni ita ranar hutu in zuba wa salkar zuma, kamar yadda Baba ke yi don kada fatar ta bushe. Mu'allim ya ce ma'alish, in yi haƙuri, sai wani lokaci. Sannan ya dafa ni cikin tausayi ya tambaye ni ya maganar iƙamata, wato takardar zama, wadda ya fi ni sanin ta ƙare. Na fahimci karatun, ban sake roƙo ba.

Ɗakin da nake kwana na ɗalibai ne, mu biyar a kan katifu. Babbanmu Malam Bashir, mutumin Gusau, fiƙihu yake karanta. Bai taɓa ɓoye mini cewa sana'ata ba ta kwanta masa ba, amma kuma ban taɓa dawowa na tarar bai rufe mini abinci ba. Ranar da ya kaɗa miyar kuka da 'yar daddawar da aka aiko masa daga gida, na ci ina ƙwalla, na ce yaji ne. Kewar gida ta fi cina da safe, lokacin da mai wake ke kaɗa tukunyarsa a ƙasan bene, ni kuwa koko da ƙosan tsohuwata nake tunawa. In ta bugo waya, tambayarta ta biyu kullum ita ce, ya algaitar babanku? In ce tana nan lafiya.

Zaman Faisal ya mayar da ni mutum mai zargi, kuma ban ga laifin kaina ba. Wanda ya yi mini murmushi sai na taɓa aljihu. Wanda ya ce mini ɗan'uwa sai na duba ƙofa. A haka nake lokacin da tsohuwar nan ta ɓullo.

Bikin 'yar wani maigadi ne, a wani lungu mai ƙura. Muna tsaye muna hutawa sai ga wata tsohuwar Baturiya, 'yar firit, da sanda a hannu, ta ratso mutane ta nufo ni. Ba sallama, ba gaisuwa, sai kawai ta kai hannu kan ƙyallen da ke lulluɓe da salkar. Ƙyalle ne mai gida-gida, kore da shuɗi mai duhu, da siririn layi ja yana ratsawa. Da shi aka ba Baba algaitar lokacin da ya bar aiki, ya koɗe, tsohuwata ta ɗinke bakinsa tun tuni don kada ya zame. Matar nan ta murza shi tsakanin yatsu kamar mai taya atamfa. Da ta buɗe baki kuwa, Larabcin Masar ne tsantsa irin na matan kasuwa, har ya fi na Mu'allim kaifi. Ta tambaya algaitar ta wane ne. Kafin in amsa Mu'allim ya shiga tsakani ya ja ta gefe. Na ga suna magana ƙasa-ƙasa, su duka biyu idonsu a kafaɗata.

Bayan 'yan kwanaki ya ɗauke ni zuwa gidan tsohuwar a unguwar Zamalek, wai za a gwada ni. Wanda ya saba da hayaniyar Faisal, in ya shiga Zamalek sai ya ɗauka rasuwa aka yi. Itatuwa, motocin jakadu, masu gadi suna bin mutum da ido. Gidanta tsohon bene ne mai lambu a baya. Madam Katrin sunanta, ashe uban amaryar nan maigadinta ne.

Ta ce kakanta ya zo Masar aikin madatsun ruwa daga wata ƙasa, Sukotland, can saman Ingila. A Iskandariya aka haifi ubanta, ita kuma a Alƙahira. Sau ɗaya ta taɓa zuwa can ƙasar, sanyi ya koro ta. Amma duk ƙarshen Nuwamba jikokin mutanen ƙasar da ke zaune a Masar sukan taru a lambunta su yi bikin asalinsu, kuma shekara da shekaru ba su da mabushi, sai dai su kunna a waya. Ta ce kowane gida a can yana da zanen ƙyallensa, da shi ake gane zuriya, kamar dai tsagar gado a fuska a wajenmu. Wannan na jikin salkata, in ji ta, na gidan ubanta ne.

Da na ji haka sai na ce a raina, to, an zo wajen. Yau ƙyalle na gidansu ne, gobe sanduna na kakanta ne, jibi a ce Baba sato ta ya yi. Na busa mata ɗan abin da ya samu, ta gyaɗa kai, suka shige ciki ita da Mu'allim suka bar ni da lemon kwalba da ban taɓa ba. Da suka fito bakinsa har kunne. Mutumin da ke ciniki a kan lemon tsami ɗaya, ranar har tasi ya ɗaukar mana zuwa gida.

Na kwashe duka na faɗa wa Malam Bashir. Ya ce in rage zato, ba kowane mutum ne macuci ba. Na ce Malam, ni dai tun da na zo ƙasar nan zatona bai taɓa ba ni kunya ba. Sai ya ce busar da nake yi ba ya goyon bayanta, amma gado haƙƙi ne, ba mai ikon raba ni da shi. Ya ce in abin ya ɓaci in taho kai tsaye, akwai ɗalibai a wata unguwa da za su ɓoye ni da kayana.

Ranar bikin su Madam Katrin, wanda aka ɗauke ni in yi wa busa, Juma'a ce, bayan an sauko masallaci. Mu'allim da kansa ya kai ni ƙofar gidan, ya miƙo mini akwatin. Sai ya ce, yana kallon wani wajen, in na gama in bar ta wajen Madam, nauyi gare ta, ma zo mu ɗauka daga baya. Mutumin da bai taɓa yarda ta yi awa ɗaya a hannuna ba. Nan na tabbatar an sayar da algaitar ubana, ni aka aiko in kai wa mai saye da ƙafata.

Na shiga lambun zuciyata na tafasa, abin da na gani kuma ya kusa sa ni dariya. Maza manya, masu furfura da tumbi, kowa sanye da siket mai gida-gida iya gwiwa, da 'yar jaka a gaba da doguwar safa. Mata sun rataya irin ƙyallen a kafaɗa. Da fari na ɗauka anko ne telan ya rikice, sai na tuna kowa na gidansu ya sa. Wannan daga Kanada, malamin makaranta ne. Wancan daga Ostireliya, a ofishin jakadanci yake. Ga wasu daga Afirka ta Kudu. Har da wani saurayi Bamisire, gashi baƙi wuluk, wai kakarsa ta wajen uwa 'yar can ce, yana ta jan siket ɗin ƙasa don kunya. Waɗanda aka haifa a ainihin ƙasar ba su fi a ƙirga da hannu ɗaya ba. Suna haɗuwa sai su dubi ƙyallen juna su tambayi wane gida, wane ƙauye, ƙauyen da yawancinsu ba su taɓa takawa ba. Abin ya tuna mini Hausawan zango da ke ce maka su Katsinawa ne, alhali kakan kakansu ne ya baro Katsina.

Ban bari wannan ya ɗauke mini hankali ba. Na lura kowane namiji da 'yar wuƙa soke a safa. An ce mini ado ne, na ce to, Allah ya sa. Na lura da ƙofar gaba akwai masu gadi biyu, amma ta bayan kicin akwai wata ƙarama da ake fitar da shara, a buɗe take. Na ƙudurta a raina, da na gama busa ta ƙarshe, ba zan sauke ta daga kafaɗa ba, ta nan zan bi, ko iƙama ko babu.

Yara suka yi gasar jifa da wani dogon bututun roba, wai a can gungumen itace ake jefawa. Aka yi rawa ta layi-layi ana kama hannu ana juyi. Ni kuma na busa musu abin da nake busa wa amare, har da na Misirawa, suna tafi suna dariya. Duk inda na juya idon Madam Katrin na kan hammatata.

Wajen la'asar aka ce lokacin babban abinci ya yi. Na leƙa kicin na ga abin, tumbin rago ne aka cusa wa hanta da huhu da albasa da wani hatsi aka ɗaure aka dafa. Kukun, Bamisire, ya rantse mini shi ya sayo ragon wajen mahaucin unguwarsu. Al'adarsu ita ce mabushi ya shiga gaba, mai ɗauke da tire na biye, a zaga da shi har teburin manya kamar ana rakiyar ango. Wani dattijo mai jan gemu ya ce mini in busa mafi girman abin da na sani.

Mafi girman abin da na sani ɗaya ne. Baba ba ya busa shi a fareti, ba ya busa shi a biki. Sai jefi-jefi, da yamma, ya zaga bayan gida shi kaɗai ya busa shi a hankali, in ya gama ya daɗe bai yi magana ba. Bai taɓa koya mini ba, ta jikin katanga na ɗauka. Ni a wajena kiɗan manya ne, na sarauta. Na ce tun da wannan ce busata ta ƙarshe a gidan nan, bari su ji abin da suke son ƙwacewa.

Na cika salka, na matsa, na fara takawa a hankali. Ban yi nisa ba na ji tafi ya mutu. Masu dariya suka yi tsit. Dattijon nan mai jan gemu ya miƙe ya cire hula, sai sauran mazan suka bi shi ɗaya bayan ɗaya, kai a sunkuye. Wata mata ta rufe baki da hannu. Kuku na bayana da tire yana raɗa mini, yalla, yalla, maza mu je, me ya faru? Ni kaina ban sani ba. Na ɗauka wani abu na yi da zai sa a kira 'yan sanda. Amma ɗan soja ba ya yanke busa a tsakiya, na kai ta har ƙarshe, na tsaya a gaban teburin, idona na kan ƙofar kicin.

Madam Katrin ta taso da sandarta ta tsaya daidai tsakanina da ƙofar. Idonta ya yi ja.

"Ka san abin da ka busa?"

Na ce kiɗan girmamawa ne.

"Da shi muke binne matattunmu," in ji ta. "Rabona da jin sa daga bakin mutum tun ranar da aka sa ubana a ƙasa. Wa ya koya maka?"

Sai bayan gidanmu ya faɗo mini, da Baba tsaye yana fuskantar katanga, da abokansa da aka tafi da su aikin kwantar da tarzoma a wata ƙasa ba su dawo ba, waɗanda ba ya son a ambata. Shekara nawa ina jin abin nan ina ɗauka taƙama yake yi. Na ce mata ubana ne, kuma wannan algaitarsa ce, ita kaɗai na gada.

Ta ce Ragab ya gaya mata tasa ce, ni ɗan haya ne kawai, kuma ta riga ta biya shi.

Na ƙanƙame salkar har ta yi ƙara. Na ce mata da gurɓataccen Larabcina, ko za a kira hukuma a kira, ko za a mayar da ni gida a ɗaure a mayar, amma ba zan ajiye ta ba. Mazan nan masu wuƙa a safa sun kewaye mu. Ta dube ni tun daga sama har ƙasa, ta dubi yadda na riƙe ta.

"Khalas, shi ke nan," ta ce. "Tafi da abinka. Ragab kuma ka bar ni da shi, na riga ubansa zama a ƙasar nan."

Wani zai ce daɗi na ji. Tsoro na ji. A Alƙahira duk wanda ya taɓa ba ni abu kyauta sai da ya karɓi wanda ya fi shi. Na tsaya ina jiran sharaɗin, ina jiran ta ce amma. Ba ta ce ba. Ta juya za ta koma kujerarta, sai na ga ta sake satar kallon ƙyallen, kallo ɗaya, irin na mai azumi da ya wuce mai tuya. A nan na gane ba sanduna take so ba, ba busa take so ba. Ni kuma ba na son fita gidan da nauyin kowa a wuyana.

Na ce wa kuku ya ara mini almakashi. Na zauna a bakin matakala na warware ɗinkin tsohuwata zare bayan zare, na zare ƙyallen, na miƙa mata da hannu biyu. Ta ƙi karɓa da farko. Na ce ai ta ce na gidansu ne, ya koma gida. Ta karɓa tana dariya da hawaye tare, ta ce a rayuwarta ba ta taɓa sayen tsumma mai tsadar wannan ba.

Ban taɓa ganin salkar tsirara ba sai ranar. Ashe ba ta Turawa ba ce. Jar fatar akuya ce irin tamu, Baba ya sake ta da hannunsa ba wanda ya sani. Ɗinkin ya faro a miƙe, ƙanana-ƙanana, tsaf irin aikin soja. Daga tsakiya sai ya fara karkacewa, wani ya yi tsawo, wani ya hau kan wani, inda hannunsa ya soma rawa a shekarunsa na ƙarshe, lokacin da yake ce mana lafiyarsa lau. Na bi shi da yatsa har inda ya ƙulle zaren.

Da na ɗaga kai, Madam Katrin ta kifa fuskarta a cikin ƙyallen, tana shaƙa kamar mai neman wani. Ta daɗe a haka. Sannan ta ɗago ta dube ni.

"Zuma da hayaƙin itace," ta ce. "Ƙamshin gidanku yake yi, ya ibni, ɗana, ba namu ba."

Na miƙa hannu, a zatona mayar mini za ta yi. Sai ta ninke shi biyu ta rataya a kafaɗarta, ta ce wa kuku ya yanka tumbin kafin ya huce.